Tambaya da Amsa: Wai yawan 'yan shot a kamfanin magani alamar tashin farashi ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ina da ɗan shagon kemis a nan Ƙofar Ƙaura, kuma kusan shekara ɗaya kenan ina ɗan taɓa sayen hannun jarin Amurka ta waya, kaɗan-kaɗan dai, dala 20 yau dala 30 wani satin. To akwai wani guruf da aka saka ni a Telegram, tun satin da ya wuce ake ta turo hoton wani ƙaramin kamfanin binciken magani wai shot intires ɗinsa ya kai kashi 30 cikin 100, wai 'yan shot sun faɗa tarko, kowane lokaci za a matse su farashi ya ninka sau biyar kamar yadda aka yi a GameStop. Ni gaskiya ban gane mi lambar take nufi ba sosai amma na ga kowa cewa yake a shiga kafin mota ta tashi. Ina da kuɗin da nike tarawa na lefe, bayan sallah ake sa ran kai kaya, shi ne na ce ko in juya su na wata ɗaya in fita. Don Allah Malam a fahimtar da ni.

Ƙaninka daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau alhamdulillahi, Allah ya sa albarka a shago, ya kuma nuna mana lokacin biki lafiya. Kafin in ce komai, don Allah kuɗin lefen nan ka bar su inda suke, kar ka taɓa ko kwabo. Yanzu bari in yi maka bayanin dalili a tsanake, tunda ka yi abin da ya dace ka tambaya kafin ka danna.

Mu fara da menene shot ɗin kansa, kuma misalinsa yana nan a gida ba sai mun je Amurka ba. Ka ɗauka muna tsakiyar damina, masara ta yi tsada a Dandume, buhu ya kai a ce naira dubu 80, sai wani mutum ya je wajen mai sito ya ce ranta min buhu 10 zan mayar maka da buhu 10 da kaka. Ya kwasa ya sayar ya riƙe dubu 800. Kaka ta yi, sabuwar masara ta shigo, buhu ya sauko dubu 50, ya sayi buhu 10 a dubu 500 ya mayar wa mai sito, dubu 300 ta zama tasa, sai ɗan abin da ya biya mai sito na ladan rance. To in kuma ruwa ya ɗauke, ko sufuri ya yi wuya, kaka ta zo buhu ya haura dubu 120 fa? Dole ya saya a haka ya mayar, don buhu ya ranta ba kuɗi ba. Wannan mutumin shi ne ɗan shot. Hannun jari yake rantowa ta hannun dillalinsa ya sayar yau, da fatan farashi ya faɗi ya saya da araha ya mayar. Matsin da ake faɗa a guruf kuwa shi ne farashi ya tashi har 'yan shot su ruga saye dole don su mayar da rance, sayen nasu ya ƙara tayar da farashin.

Shot intires kuwa ƙidaya ce kawai, wato jimillar hannayen jarin da aka ranto aka sayar kuma har yanzu ba a mayar ba. Buhu nawa ne ke waje a hannun masu rance. Ita ke nan. Ba ta gaya maka su waye suka ranta, ba ta gaya maka a wane farashi suka sayar, kuma babban abin da nake so ka riƙe, ba ta gaya maka dalilinsu.

Kashi 30 ɗin da kake gani ga yadda ake fitar da shi. A ce kamfani yana da hannun jari miliyan 50 gaba ɗaya, amma miliyan 10 suna hannun shugabannin kamfanin da waɗanda suka kafa shi, ba sa yawo a kasuwa, saura miliyan 40 su ne ake saye da sayarwa. In an ranto miliyan 12, to in ka auna da masu yawo kashi 30 ne, in ka auna da duka kashi 24 ne. Kamfani ɗaya, rana ɗaya, lamba biyu, kuma mai turo hoto a guruf kullum babbar zai ɗauko maka. Akwai kuma lamba ta biyu da suke liƙawa kusa da ita, kwanakin biyan rance, wato in duk cinikin da ake yi a rana 'yan shot ne ke saye, kwana nawa za su ɗauka kafin su gama mayarwa. In a rana ana cinikin miliyan 2, to 12 raba 2 kwana 6 kenan. Amma ranar da babban labari ya fito ciniki yakan tashi ya kai miliyan 12 ko 20 a yini guda, ka ga kwana 6 ya koma kwana 1 ko ƙasa da haka, ƙofar da ake cewa ta yi musu ƙunci ta buɗe wangar.

Sannan lambar tsohuwa ce. A Amurka hukumar FINRA, mai sa ido kan dillalan hannun jari, ita ce ke karɓar wannan lissafi daga dillalai, kuma sau biyu kawai a wata, tsakiyar wata da ƙarshensa, sannan sai an yi kamar mako guda ko fiye kafin a wallafa. Ma'ana hoton da ke yawo a guruf ɗinku zai iya zama labarin sati biyu ko uku da suka wuce, kamar mutum ya zo maka da farashin gero na kasuwar Mai'adua ta wancan watan ya ce ka yi ciniki da shi yau. Wataƙila rabin 'yan shot ɗin sun riga sun fita, wataƙila ƙaruwa suka yi, hoton ba zai nuna ba.

To yanzu ga inda kamfanin binciken magani ya bambanta da sauran, kuma kai mai kemis za ka fi kowa saurin ganewa. Kamfanoni irin su Fidson da May & Baker da Neimeth da ke kasuwar hannun jari ta Legas suna da kaya a kanta, wasu ma suna kan kantarka yanzu haka, ana saye ana sha ana biya. Ƙaramin kamfanin bayotek na Amurka kuwa, wato mai binciken sabon magani, galibi ba ya sayar da ko ƙwaya ɗaya. Abin da yake da shi magani ɗaya ne ko biyu da ake gwadawa, da kuɗin masu zuba jari da yake ƙonawa wata-wata wajen biyan likitoci da asibitoci da masu bincike. Gwajin kan mutane mataki uku ne, na farko mutane kaɗan don a ga ko maganin yana cutarwa, na biyu a ga alamar ko yana aiki da kuma yawan da ya kamata a sha, na uku shi ne babba, mutane ɗaruruwa zuwa dubbai, yawanci wasu a ba su maganin wasu a ba su abin da ba magani ba ko maganin da aka saba, sannan a kwatanta. Bayan haka a kai takardu FDA, wato NAFDAC ɗinsu, ta ce e ko a'a. A cikin magungunan da suka fara mataki na farko, kusan 1 cikin 10 ne ke kai wa ga amincewa. Tara suna mutuwa a hanya.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. In kai ne mai manyan kuɗi a Niyok kuma ka san tara cikin goma faɗuwa suke, ina za ka je yin shot in ba nan ba? Shi ya sa yawan 'yan shot a wannan ɓangaren ba wani abin mamaki ba ne, kashin da zai tayar da hankali a banki ko kamfanin siminti, a nan an saba ganinsa. Kuma masu yin nan da yawansu ba yara ba ne da waya a hannu, akwai asusun zuba jari da ke ɗaukar likitoci da masana ƙididdiga aiki don kawai su zauna su karanta sakamakon mataki na biyu layi-layi. Ruwa ba ya tsami banza. Ba na ce kullum suna da gaskiya ba, suna kuskure kuma zan nuna maka inda suka sha kashi, amma mutumin da ya ga kashi 30 ya ce an kama su a tarko, ya kamata ya fara tambayar kansa me suka karanta da shi bai karanta ba.

Wani abin kuma da ba a faɗa a guruf, ba duk wanda ya yi shot ne ke fatan kamfani ya mutu ba. Kamfanonin nan sukan ci bashi ta wata takarda wadda mai riƙe da ita zai iya juya ta ta zama hannun jari daga baya, to masu sayen takardar nan sukan yi shot na hannun jarin kamfanin a lokaci guda don kariya, in farashi ya faɗi sun ci ta nan, in ya tashi sun ci ta can. Irin waɗannan ko farashi ya ninka ba gudu za su yi ba, suna da abin mayarwa a hannu. Wasu kuma kamfani biyu ne ke tsere a kan ciwo ɗaya, sai su sayi wanda suka fi yarda da shi su yi shot na ɗayan. Duk waɗannan suna cikin kashi 30 ɗin nan a cakuɗe, ba a ware maka ba.

Bari in ba ka labarai na gaske don ka ga abin yana faɗawa kowane ɓangare. Cassava Sciences kamfani ne a Texas da ya gwada wani maganin ciwon mantuwa na tsufa mai suna simufilam. Shekaru 'yan shot suna kansa, tun 2021 wasu suka kai ƙorafi FDA suna zargin an taɓa bayanan bincikensa, su kuma ƙananan masu saye a intanet suna ta cewa makirci ne, za a matse su, a daure. A watan Satumba 2024 kamfanin ya yarda ya biya tarar dala miliyan 40 ga hukumar SEC ta Amurka, mai kula da kasuwar hannun jari, kan bayanan da ya fitar game da wani gwaji na baya, duk da haka mutane da yawa ba su saki ba. Ranar 25 ga Nuwamba 2024 sakamakon mataki na uku ya fito, maganin bai yi aiki ba, farashi ya faɗo daga sama da dala 26 zuwa dala 4 da 'yan kai a yini ɗaya. Sama da kashi 80 ya tafi.

A ɗaya gefen ga Novavax, kamfanin allurar rigakafi, shi ma 'yan shot sun cika shi maƙil, har kamfanin da kansa ya taɓa bayyana shakku a 2023 kan ko zai iya ci gaba da aiki. Sai a watan Mayu 2024 ya sanar da yarjejeniya da babban kamfanin magani Sanofi na Faransa wadda za ta iya kai dala biliyan 1.2, farashi ya ninka a rana ɗaya, 'yan shot suka ji jiki. Amma ka lura, abin da ya tayar da shi labari ne na gaske, kuɗi ne suka shigo. Lambar shot ƙara wa wutar fetur ta yi, ba ita ta kunna ta ba.

Wanda ya fi koyar da ni shi ne Dendreon, mai maganin sankarar mafitsarar maza (prostate) da ake kira Provenge. A watan Maris 2007 kwamitin masu ba FDA shawara ya goyi bayansa, farashi ya ninka fiye da sau biyu a yini, waɗanda suka yi shot suka ƙone. Wata biyu ba su cika ba, a watan Mayu, FDA ta ce a'a sai an kawo ƙarin bayani, farashi ya zube fiye da rabi, waɗanda suka shigo a sama suka ƙone. A 2010 aka amince da maganin, mai tsada ne sosai, dala dubu 93, ciniki bai tafi yadda aka zata ba ga bashi a wuya, a watan Nuwamba 2014 kamfanin ya shigar da takardar karyewa. Kamfani ɗaya ya cinye masu shot, ya juyo ya cinye masu saye, kuma duk tsawon shekarun nan akwai lambar shot intires ana wallafawa, wanda ya dogara da ita kaɗai bai san ranar da za ta juya masa ba.

Matsi na gaske yana faruwa, ban musa ba. A Nuwamba 2015 wani kamfanin magani KaloBios ya sanar zai rufe, mutane suka yi shot suna ganin kuɗi a ƙasa, sai wani ɗan kasuwar magani mai suna Martin Shkreli da abokansa suka saye mafi yawan hannayen jarin, farashi ya tashi daga wajen dala 2 zuwa kusan dala 40 cikin 'yan kwanaki, har wani ɗan shot ya kwana da kuɗi a asusunsa ya wayi gari dillali yana binsa sama da dala dubu 100. Amma ka ji ƙarshen, a watan Disamba aka kama Shkreli kan wasu laifuffuka na kamfanoninsa na baya, kafin shekara ta ƙare KaloBios ya shigar da takardar karyewa. Wanda ya saya a dala 30 yana jiran 100 fa, ina ya tsaya?

Shi GameStop ɗin da ake ta ambata, a Janairu 2021 ne, shot ɗinsa ya haura kashi 100 na hannayen da ke yawo, farashi ya taɓa dala 483 ranar 28 ga wata. Shagon sayar da wasannin kwamfuta ne, babu wani sakamakon gwaji da zai fito da safe ya rushe shi. Kuma rahoton ma'aikatan SEC da ya fito a Oktoba 2021 ya nuna cewa sayen da 'yan shot suka yi don mayar da rance ƙaramin ɓangare ne na cinikin, tururuwar masu saye ce ta riƙe farashin a sama. In kana mamakin yadda rance zai wuce kashi 100, buhu ɗaya ne aka ranta aka sayar, wanda ya saya shi ma ya ba da shi rance aka sake sayarwa, sai a ƙirga shi sau biyu.

Akwai kuma abin da ke kashe matsi a kamfanin magani tun bai girma ba. Tunda kullum cikin neman kuɗi suke, da zarar farashi ya ɗaga sai kamfanin ya buga sababbin hannayen jari ya zuba a kasuwa, wani lokacin a daren ranar ma, kuma a farashi ƙasa da na kasuwa. Ka ga 'yan shot sun samu buhun da za su mayar cikin sauƙi, kai kuma naka kason ya ragu, kamar a ƙara ruwa a kunu.

Zan gaya maka abin da na gani da idona. Akwai wani yaro mai gyaran waya da muke haɗuwa wajen mai shayi a kusa da Ƙofar Soro, natsattse ne, ba mai hayaniya ba. Wata rana bayan Azahar ya miƙo min wayarsa ba tare da ya ce komai ba, hannunsa na rawa, shayin da aka zuba masa har ya yi sanyi bai taɓa ba. Wani ƙaramin kamfanin magani ya saya saboda irin wannan hoton, har ya sa umarnin a sayar masa kai tsaye in farashi ya sauka kaɗan, yana ganin ya ɗaure akuyarsa. Sakamakon gwajin ya fito tun kasuwa ba ta buɗe ba, ita kuma kasuwar Niyok ƙarfe 2:30 na rana agogonmu take buɗewa, da sanyi kuma 3:30, to da ta buɗe farashin bai sauko mataki-mataki ba, tsalle ya yi ya dira can ƙasa, a nan aka sayar masa. Kuɗin da ya yi shekara yana tarawa don ya kama shago nasa ne. Ya ce min, Malam ni fa ban ma san ciwon da maganin yake warkarwa ba. Maganar nan ta daɗe tana damuna, kuma ita ce ta sa na tsawaita maka amsa haka.

In har kana son ka fahimci kamfanin nan, kuma da kuɗin da in sun tafi ba za ka rasa barci ba, to ajiye lambar shot a gefe ka nemi abubuwan da ke yanke hukunci. Wane magani ne, na wane ciwo, yana mataki na nawa, mutum nawa aka gwada, an kwatanta da wani abu ko kuwa kowa aka ba maganin aka ce ya yi kyau? Wannan yana shafin intanet na ClinicalTrials.gov kyauta. Yaushe ake sa ran sakamako, ko wace rana FDA ta sa za ta ba da amsa? Sannan ka buɗe rahotonsu na wata uku-uku a shafin SEC ka duba kuɗin da ke hannunsu da abin da suke kashewa, in suna da dala miliyan 60 suna ƙona miliyan 20 duk wata uku, wata tara ya rage musu, ka san sabon bugun hannun jari na nan tafe. Kai da ka saba karanta takardar cikin kwalin magani, wannan karatun ba zai gagare ka ba in ka ba shi lokaci. Kuma ka tambayi kanka shi mai turo hoton a nawa ya saya, don wanda ya shiga tun farashi na ƙasa ba abin da yake buƙata kamar mutanen da za su zo su saya daga hannunsa. Ka gaida mutan gida, lefe kuma a kai shi cikakke.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ina karanta lissafin kuɗi. Na duba kamfani ɗaya a shafuka uku, ɗaya ya ce shot kashi 18, ɗaya 25, na ukun ma ya ce wai jiya kashi 52 na cinikin shot ne. Wanne ne na gaskiya?

Ɗalibinka, Katsina

AMSA

Yauwa ɗalibi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Na 18 da na 25 ko dai mudun awon ne ya bambanta, ɗaya ya raba da duka hannayen jari ɗaya ya raba da masu yawo kawai, kuma su masu yawon ma kowane shafi da yadda yake ƙirga su, ko kuma ranar ce ta bambanta. Akwai kamfanoni irin su Ortex da S3 Partners da ke sayar da kiyasi na kullum daga bayanan masu ba da rance, kiyasi ne ba ƙidayar hukuma ba. Kullum ka nemi ranar da ke jikin lamba kafin ka kalli lambar.

Na 52 ɗin nan kuwa wani abu ne daban gaba ɗaya, kuma shi ya fi ruɗa mutane. Shi yana ƙirga cinikin da aka yi wa alamar shot a cikin yini, kuma da yawansa na manyan dillalan da ke tsaye tsakanin mai saye da mai sayarwa ne, ka zo saye su sayar maka ko ba su da shi a hannu a daƙiƙar, bayan ɗan lokaci su saya su cike gurbin, kafin a tashi kasuwa babu rancen da ya kwana. In kana son alamar da ta fi nuna ko rance ya yi wuya, dubi ladan da ake biya a kan ranto hannun jarin, in ya yi tsada sosai to buhunan da ke sito sun yi ƙaranci.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Daura, maigidana ne ke wannan harka ta waya, jiya na ji yana cewa wai zai koyi shot don ya riƙa cin riba ko kasuwa ta faɗi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, mutum ya sayar da abin da ba nasa ba? Ya halatta kuwa?

'Yar'uwarka daga Daura

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, a gaida maigida da yara. Hankalinki ya kai inda malamai suka kai. Fatawa ta malaman fiƙihu ce kuma ina ba ku shawara ku zauna da malamin da kuka amince da shi, amma ga abin da aka sani. Hadisin Hakim ɗan Hizam da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa kar ka sayar da abin da ba ya wurinka. Hukumar AAOIFI da ke Baharen, wadda bankunan Musulunci da yawa ke bin ƙa'idojinta, ta hana irin wannan ciniki a ƙa'idarta ta hannayen jari. Ga kuma ladan da ake biya a kan rancen, wanda ƙari ne a kan abin da aka ranta, sannan ba a yin shot sai da asusun bashi na dillali mai ruwa a kai. Matsalar ba ɗaya ba ce.

Ta fuskar kuɗi zalla ma ki gaya masa wannan. Wanda ya sayi hannun jari na dala 100, iyakar asararsa dala 100, ba za ta wuce nan ba. Wanda ya yi shot na dala 100 kuwa asararsa ba ta da rufi, in farashi ya ninka sau goma ana binsa dala 900, kuma da dala ake binsa shi kuwa albashinsa naira ne, kin dai ga yadda canji ya koma tun daga watan Yuni 2023. A kamfanin magani kuma irin wannan tsalle a dare ɗaya yake faruwa, ana iya wayar gari babban kamfani ya saye ƙaramin gaba ɗaya a ninkin farashi.

Karanta lambar shot kuwa ba laifi ba ne, bayani ne kamar sauran bayanai, in ya ga ta yi yawa a kamfanin da yake son saye sai ya ƙara bincike kafin ya sa kuɗinsa. In kuma hankalinku ya fi kwanciya da jarin da aka tace bisa shari'a, akwai asusun Lotus Halal a kasuwar Legas, da naira ake saye, ku nemi dillalin da ke da rajista da hukumar SEC ta Najeriya ya buɗe muku asusu, ku duba sunansa a shafin hukumar kafin ku tura masa komai.